Kim Dae-jung: tambayoyi da amsoshi kan shugaban da ya ƙi rama abin da aka yi masa

Wane ne Kim Dae-jung?

Shi ne shugaban Koriya ta Kudu daga Fabrairun 1998 zuwa Fabrairun 2003, kuma ɗan Koriya na farko da ya sami lambar yabo ta Nobel, ta zaman lafiya, a shekarar 2000. Kafin ya hau kujerar nan ya shafe fiye da shekara talatin yana adawa, mafi yawansu a ƙarƙashin mulkin sojoji. An ɗaure shi, an yi masa ɗaurin talala, an sace shi daga ƙasar waje, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, ya yi gudun hijira har sau biyu. Mutanensa suna yi masa laƙabi da Indongcho, sunan wata 'yar fulawa da sanyin hunturu ba ya kashewa. A waje kuma ana ce masa Mandelan Asiya.

Abin da ya sa har yau ake gardama a kansa shi ne yadda ya yi da mulki bayan ya same shi. Da sojojin da suka so rataye shi, da Japan da ta mulki ƙasarsa, da Koriya ta Arewa da sojojinta suka taɓa tsare shi, duk hanya ɗaya ya bi da su: ya miƙa hannu.

Daga ina ya fito, kuma me ya kai shi siyasa?

An haife shi a tsakiyar shekarun 1920 a wani ƙaramin tsibiri, Hauido, a lardin Jeolla ta Kudu. Lokacin Koriya tana hannun Japan, wadda ta mallake ta daga 1910 zuwa 1945. Iyayensa manoma ne. Sun koma birnin Mokpo na bakin teku don ya yi karatu, ya gama makarantar koyon kasuwanci, ya kama aiki a kamfanin jiragen ruwa na wani ɗan Japan. Bayan 1945 ya zama mai jiragen kansa, har ya riƙe wata jarida a garin.

Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, 'yan gurguzu suka kama shi a matsayin ɗan jari hujja suka jefa shi gidan yarin Mokpo. Da za su ja da baya sun harbe fursunoni da yawa, shi kuma ya kuɓuta. A riƙe wannan a rai, domin daga baya abokan hamayyarsa sun shafe shekaru suna kiransa ɗan gurguzu.

Kama-karyar shugaban ƙasa na farko, Syngman Rhee, ita ta ja shi siyasa. Ya sha faɗuwa zaɓe a shekarun 1950. Sai a Mayun 1961 ya ci zaɓen cike gurbi a mazaɓar Inje, kwanaki ƙalilan bayan haka, ranar 16 ga Mayu, Janar Park Chung-hee ya yi juyin mulki ya rushe majalisa. Ko rantsar da shi ba a yi ba. A 1963 ya shiga majalisa daga Mokpo, aka san shi da iya magana da zuwa da hujja a hannu. A 1964 ya taɓa tsayawa yana magana sa'a biyar da minti 19 don ya hana majalisa amincewa da kama wani ɗan majalisa na adawa.

Me ya haɗa shi faɗa da Park Chung-hee?

Zaɓen shugaban ƙasa na 1971. Park yana da soja, yana da kuɗin gwamnati, yana da hukumar leƙen asiri, ga tattalin arziki na bunƙasa a hannunsa. Duk da haka Kim ya sami kusan kashi 45 cikin ɗari, Park kusan 53. Wannan ya tsorata masu mulki.

Abu biyu ya faɗa a yaƙin neman zaɓen nan da ya kamata a tuna. Na farko, ya gargaɗi mutane cewa idan Park ya ci, to ba za su sake zaɓen shugaba da hannunsu ba. Haka kuwa aka yi: a Oktoban 1972 Park ya kafa dokar ta-ɓaci ya kawo tsarin mulkin Yushin, wanda ya soke zaɓen shugaba kai tsaye. Na biyu, ya ce a fara musayar wasiƙu da 'yan jarida da 'yan wasa tsakanin Kudu da Arewa, manyan ƙasashe huɗu, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Sin da Japan, su lamunci zaman lafiyar yankin. A Koriyar wancan zamani, faɗar wannan magana ya isa a ce mutum maci amana ne. Wato abin da ya yi a 2000 ba dabarar tsufa ba ce, kusan shekara talatin yana ɗauke da ita.

Wata guda bayan zaɓen, wata babbar mota ta yi kan motarsa a hanya. Ya tsira da rauni a ƙugu, ya yi ta ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Shi da magoya bayansa sun ɗauki abin a matsayin yunƙurin kisa.

Da gaske ne an sace shi daga otal a Tokyo?

Da gaske ne. Lokacin da aka kafa Yushin yana Japan neman magani, sai ya ƙi komawa, ya ci gaba da sukar Park daga Japan da Amurka. Ranar 8 ga Agustan 1973, da rana tsaka, jami'an hukumar leƙen asirin Koriya ta Kudu suka kama shi a otal ɗin Grand Palace, suka shaƙa masa maganin barci, suka kai shi Osaka, suka sa shi a jirgin ruwa. Yadda ya ba da labari da bakinsa, an ɗaure shi tamau, an rufe masa ido, an ɗaura masa abubuwa masu nauyi, yana jin ana shirin jefa shi teku, sai wani jirgin sama ya bayyana a kansu, aka fasa. Abin da ba a gardama a kai shi ne jakadan Amurka a Seoul, Philip Habib, ya matsa wa gwamnatin Park lamba nan take cewa kada a kashe shi. Bayan kwana biyar aka ajiye shi kusa da gidansa a Seoul, aka kewaye gidan da 'yan sanda.

'Yan sandan Japan sun gano zanen yatsan wani jami'in ofishin jakadancin Koriya ta Kudu a ɗakin otal ɗin. Amma gwamnatocin biyu suka rufe maganar a tsakaninsu, ba a gurfanar da kowa ba. Sai a 2007 wani kwamitin bincike na hukumar leƙen asirin da kanta ya amsa cewa ita ta yi, kuma aƙalla Park ya sani ya yi shiru.

Ina maganar hukuncin kisa?

A 1976 ya sa hannu a wata sanarwar neman dawo da dimokuraɗiyya da aka karanta a babban cocin Myeongdong, aka ɗaure shi har ƙarshen 1978. A Oktoban 1979 shugaban hukumar leƙen asiri ya harbe Park. Mutane suka zaci gari ya waye. Sai Janar Chun Doo-hwan ya ƙwace soja a Disamba, ranar 17 ga Mayun 1980 ya shimfiɗa dokar soja a duk ƙasar ya kama Kim.

Washegari birnin Gwangju, cibiyar yankin su Kim, ya tashi. Daga 18 zuwa 27 ga Mayu sojoji suka yi ta dukan mutane da harbinsu. Ƙididdigar hukuma ta tsaya wajen mutum 200, iyalan mamata suna cewa ya fi haka. Aka ɗora wa Kim laifin shirya boren, alhali yana tsare tun kafin a fara. A Satumban 1980 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Babban ɗansa, Kim Hong-il, shi ma an kama shi an azabtar da shi, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2019.

A jawabinsa na ƙarshe gaban kotun, Kim ya ce yana da yaƙinin dimokuraɗiyya za ta dawo, ya kuma bar wasiyya ga abokan gwagwarmayarsa cewa idan ranar ta zo kada a yi ramuwar gayya ta siyasa. Mutumin da ke jiran igiya ne ya faɗi haka, ba wanda ke neman ƙuri'a ba. Shi ya sa nake ɗaukar afuwar da ya yi daga baya da muhimmanci.

Duniya ta sa baki. Paparoma John Paul na Biyu ya rubuta wa Chun wasiƙa (Kim ɗan ɗariƙar Katolika ne tun shekarun 1950). Amurka ta yi ciniki: a bar shi da rai, sabon shugaba Ronald Reagan ya karɓi Chun a fadarsa. A Janairun 1981 aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, daga baya shekara 20. A Disamban 1982 aka fitar da shi zuwa Amurka. Ya dawo a Fabrairun 1985, shekara ɗaya da rabi bayan an harbe madugun adawar Filifins, Benigno Aquino, a filin jirgin sama yana saukowa daga irin wannan tafiya. Wasu 'yan majalisar Amurka suka rako shi don kada a maimaita. Daga filin jirgi aka wuce da shi ɗaurin talala. A 2004 kotu ta sake sauraron shari'ar 1980 ta wanke shi.

Idan haka yake da farin jini, me ya sa bai ci zaɓen 1987 ba?

Saboda kuskurensa, ko a ce rabin kuskuren nasa ne. A Yunin 1987 zanga-zanga ta tilasta wa sojoji amincewa da zaɓen kai tsaye. Adawa tana da manya biyu, Kim Dae-jung da Kim Young-sam, kowa ya ƙi janye wa ɗan'uwansa. Ɗan takarar sojoji, Roh Tae-woo, abokin juyin mulkin Chun, ya ci da kashi 36.6, Kim Young-sam ya sami 28, Kim Dae-jung 27. Matasan da suka sha barkonon tsohuwa da kulki don a sami wannan zaɓe sun yi kuka a ranar, kuma suna da gaskiya. Daga baya shi da kansa ya ce ya kamata ya janye.

Zaɓen ya kuma ƙara zurfafa ɓarakar yanki tsakanin Jeolla da Gyeongsang, yankin da Park da Chun da Roh suka fito. An daɗe ana mayar da Jeolla saniyar ware wajen masana'antu da manyan muƙamai, shi ya sa suka rungumi Kim har yana samun sama da kashi 90 a can. Bai ƙirƙiro wannan ciwo ba, amma ya ci moriyarsa, bai kuma warkar da shi ba.

To yaya aka yi ya ci a 1997?

Ya sake faɗuwa a 1992, ya ce ya bar siyasa, ya tafi Kambirij a Ingila, ya dawo fage a 1995. A takara ta huɗu, ranar 18 ga Disamban 1997, ya ci da kashi 40.3, Lee Hoi-chang na jam'iyya mai mulki 38.7. Karo na farko ke nan a tarihin ƙasar da mulki ya koma hannun 'yan adawa ta akwatin zaɓe. Don ya kai ga haka sai da ya haɗa kai da Kim Jong-pil, wanda ya kafa hukumar leƙen asirin da ta sace shi, wanda kuma shi ne firaminista lokacin da aka yi satar. Ya naɗa shi firaministansa. Magoya baya da yawa sun haɗiye wannan da ƙyar.

Ƙasar da ya karɓa tana durƙushe. Rikicin kuɗi na Asiya ya sa ta nemi ceto na kusan dala biliyan 58 ƙarƙashin jagorancin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A farkon 1998 mutane kusan miliyan uku da rabi suka fito da zobban aure da lambobin yabo da sauran zinariyar gida, sama da tan 200, don a sami kuɗin waje. A Agustan 2001 aka gama biyan bashin Asusun, kusan shekara uku kafin wa'adi. Sai dai talaka ne ya ɗauki nauyin: an sauƙaƙa korar ma'aikata, aikin wucin gadi ya yawaita har yau. A ɗaya hannun, gwamnatinsa ce ta kawo dokar tabbatar wa matalauci mafi ƙarancin abin rayuwa, wadda ta fara aiki a 2000.

Me ya sa ya yarda aka saki Chun Doo-hwan? Wannan adalci ne?

Wannan ce tambaya mafi nauyi a tarihinsa, kuma ba na jin tana da amsa mai daɗi.

A zamanin shugabancin Kim Young-sam, wanda ya gaji Roh, aka gurfanar da Chun da Roh kan juyin mulki da kisan Gwangju da cin hanci. A 1996 aka yanke wa Chun hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin rai da rai, Roh kuma shekara 17. Kwana huɗu bayan zaɓen 1997, ranar 22 ga Disamba, shugaba mai barin gado ya yi musu afuwa da amincewar zaɓaɓɓen shugaba. Ranar rantsar da Kim, su biyun suna zaune a dandalin. Yana mulki yana gayyatarsu cin abinci a fadar shugaban ƙasa tare da sauran tsofaffin shugabanni. Har kuɗin gwamnati ya amince a ba da don gina gidan tunawa da Park.

Hujjarsa ita ce a Koriya duk wanda ya faɗi daga mulki yakan faɗi ne zuwa kurkuku ko kabari ko gudun hijira, don haka babu mai son sauka. Idan ana so mulki ya riƙa sauya hannu lami lafiya, dole wani ya fara yanke igiyar ramuwa, kuma wanda aka fi zalunta shi ya fi cancanta ya yanke. Akwai kuma imaninsa na addini, wanda bai taɓa ɓoyewa ba.

Ya kamata a lura cewa afuwar ta zo ne bayan shari'a. Kotu ta riga ta rubuta cewa abin da aka yi juyin mulki ne da kisa. Kim bai ce a bar kaza cikin gashinta ba. A zamaninsa aka yi dokar binciken kisan kiyashin tsibirin Jeju da ya faro a 1948, aka kafa kwamitin binciken mutanen da suka mutu ta hanyoyi masu ɗaure kai a hannun hukuma, aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa a 2001. Bai sa hannu an kashe kowa ba; tun ƙarshen Disamban 1997 ba a sake zartar da hukuncin kisa a Koriya ta Kudu ba. Tsarinsa shi ne a tono gaskiya, a mayar wa wanda aka zalunta mutuncinsa, a bar mai laifi da ransa.

Amma ga inda nake tsayawa da uwayen Gwangju. Kim yana da ikon yafe ƙugunsa da shekarunsa na kurkuku da daren da ya kwana a jirgin ruwa. Jinin ɗan wata ba nasa ba ne da zai yafe. Chun ya fito bai nemi gafarar kowa ba, ya ƙi biyan babban kaso na kuɗin da kotu ta ce ya mayar, ya ci gaba da musun abin da ya faru har ya mutu a Nuwamban 2021. Afuwar ta taimaki ƙasa ta zauna, na yarda. Waɗanda suka biya kuɗinta su ne iyalan da ba a tambaye su ba.

Me ya yi game da Japan?

A nan ne aikinsa ya fi daɗewa yana amfani. Ƙasashen biyu sun ƙulla hulɗar jakadanci tun 1965, amma ciwon mulkin mallaka yana nan: aikin tilas, tilasta wa mutane sunayen Japan, matan da aka kai wa sojoji. Shi kansa Kim ya tashi cikin wannan mulki, kuma yana da nasa ƙorafin, tunda gwamnatin Japan ta yarda aka binne maganar sace shi.

A Oktoban 1998 ya je Tokyo. Ranar 8 ga wata shi da Firaminista Keizo Obuchi suka sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa. A ciki Obuchi ya amsa cewa mulkin mallakar Japan ya jawo wa mutanen Koriya babbar ɓarna da wahala, ya bayyana nadama mai zurfi, ya nemi gafara. An taɓa jin irin wannan a baki, musamman daga Firaminista Murayama a 1995, amma wannan karon a rubuce yake, da sunan Koriya, da sa hannun ɓangarorin biyu. Kim kuma ya karɓa a rubuce, ya yaba wa Japan kan tafarkin zaman lafiya da ta bi bayan yaƙi. Wannan rabin na biyu ne mutane kan manta. Neman gafara yana bukatar mai karɓa, kuma shugaban Koriya da ya yaba wa Japan a fili yana wasa ne da farin jininsa a gida.

A majalisar dokokin Japan ya ce wauta ce a bar mummunan tarihin da bai kai shekara 50 ba ya shafe cuɗanyar shekara 1,500. Da ya koma gida ya fara ɗage haramcin da aka yi wa finafinai da waƙoƙi da littattafan zane na Japan, mataki-mataki. Masu tsoro suka ce al'adun Japan za su haɗiye na Koriya. Akasin haka aka gani, 'yan shekaru kaɗan wasannin talabijin da waƙoƙin Koriya suka cika Japan. A 2002 ƙasashen biyu suka karɓi gasar cin kofin duniya tare, wadda masu kallon ƙwallo ke tunawa da wasan buɗewa a Seoul inda Senegal ta doke Faransa.

Ba a ce an gama ba. Tun 2001 rikicin littattafan tarihi na makarantu da ziyarar Firaminista Koizumi wurin ibadar Yasukuni, inda ake girmama mamatan yaƙin Japan har da waɗanda aka samu da laifukan yaƙi, suka dagula al'amura, kuma maganar diyya tana tashi lokaci-lokaci. Sai dai duk sanda gwamnatocin biyu suka so gyara, takardar 1998 suke ɗaukowa.

Mece ce manufar hasken rana?

Sunan ya fito daga tsohuwar tatsuniyar iska da rana da suka yi gardamar wa zai raba matafiyi da mayafinsa. Iska ta busa, ya ƙara ƙudundunewa. Rana ta haska, ya cire da kansa. An raba Koriya a 1945, an yi yaƙi daga 1950 zuwa 1953, aka tsaya a yarjejeniyar tsagaita wuta ba tare da ta zaman lafiya ba. Shekara arba'in da biyar ana busa iska, mayafin bai motsa ba.

Ƙa'idojinsa uku ne: ba za a lamunci tsokanar soja daga Arewa ba, Kudu ba za ta nemi haɗiye Arewa ba, kuma za a nemi sulhu da haɗin kai. Ya ga yadda haɗewar Jamus ta ci kuɗi, ya san tazarar arziki tsakanin Koriyoyin biyu ta fi ta Jamus nesa ba kusa ba, don haka ya fi son a daɗe ana cuɗanya kafin a yi maganar haɗewa. Ya bar 'yan kasuwa su shige gaba. A 1998 mai kamfanin Hyundai, Chung Ju-yung, wanda asalinsa ɗan Arewa ne, ya tsallaka iyaka da shanu 1,001 a tafiya biyu, lokacin yunwa ta gama ɗaiɗaita Arewa. A Nuwamban shekarar 'yan Kudu suka fara zuwa yawon buɗe ido dutsen Kumgang.

Me taron Pyongyang na 2000 ya haifar?

Daga 13 zuwa 15 ga Yunin 2000 Kim ya gana da shugaban Koriya ta Arewa, Kim Jong-il, karo na farko da shugabannin ɓangarorin biyu suka haɗu tun rabuwa. Kim Jong-il da kansa ya tarbe shi a filin jirgi. Suka fitar da sanarwar 15 ga Yuni. A Satumba 'yan wasan ƙasashen biyu suka shiga filin Olamfik na Sidni tare a bayan tuta ɗaya, Kudu ta mayar da fursunoni 63 da suka shafe shekaru a ɗaure sun ƙi sauya aƙida. Daga baya aka gina yankin masana'antu na Kaesong, inda kamfanonin Kudu sama da 120 suka ɗauki ma'aikatan Arewa sama da 50,000.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haɗuwar iyalai. A Agustan 2000 mutum ɗari daga kowane ɓangare suka tsallaka. Tsofaffi masu shekara saba'in suka durƙusa gaban uwayen da suka rabu da su tun suna samari, shekara hamsin babu wasiƙa, babu ko labarin rai ko mutuwa. Kwana uku, sannan aka sake raba su. Mutum sama da 130,000 ne suka yi rajista a Kudu don samun wannan dama, kaɗan ne suka samu, mafi yawan masu rajistar sun riga sun mutu. Haɗuwa ta ƙarshe an yi ta a Agustan 2018.

An ce da kuɗi ya sayi taron, har da lambar Nobel. Gaskiya ne?

Kuɗi ya tafi, wannan tabbas ne. A 2003 mai bincike na musamman ya gano cewa an tura wa Arewa kimanin dala miliyan 500 ta hannun Hyundai gab da taron, miliyan 100 daga ciki alkawarin gwamnati ne, sauran kuma kamfanin ya ce na haƙƙin kasuwanci ne. An yi a ɓoye, an karya doka. Kim ya fito ya nemi afuwar jama'a kafin ya sauka, an hukunta na kusa da shi, shugaban reshen Hyundai da ke hulɗa da Arewa, Chung Mong-hun, ya kashe kansa a Agustan 2003. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana cewa gwamnati ta yi wa jama'a bayani bai kamata ya ɓoye musu wannan ba.

Lambar Nobel kuwa, kwamitin ya ambaci aikinsa na dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam a Koriya da gabashin Asiya kafin ya zo kan sulhu da Arewa. Ya tsaya wa masu neman dimokuraɗiyya a Bama, kuma a 1999 yana cikin waɗanda suka matsa a kai ɗauki Timor ta Gabas, har ya tura sojoji. Tarihin 1973 da 1980 ba da kuɗi aka saye shi ba.

Tunda Arewa ta ƙera makamin nukiliya, ba a ce manufar ta gaza ba?

Idan ma'aunin shi ne hana nukiliya, ta gaza. Arewa ta yi gwajin farko a Oktoban 2006. Kim Jong-il bai taɓa rama ziyarar da ya yi alkawari ba. Ko a zamanin Kim an yi artabu a teku a 1999 da 2002, na biyun ya ci ran sojojin ruwan Kudu shida ana tsakiyar gasar kofin duniya. An dakatar da Kumgang a 2008 bayan sojan Arewa ya harbe wata 'yar yawon buɗe ido, an rufe Kaesong a 2016, yanzu kuma Kim Jong-un, ɗan Kim Jong-il da ya gaje shi, ya ce ƙasashe biyu ne abokan gaba. Masu suka suna ƙara cewa ya yi shiru kan sansanonin fursunonin Arewa don kada tattaunawa ta lalace, kuma wannan suka tana da nauyi a kan mutum irinsa.

Masu kare shi suna cewa ba a ba rana lokaci ba. A Oktoban 2000 sakatariyar harkokin wajen Amurka, Madeleine Albright, tana Pyongyang; wata uku bayan haka George W. Bush ya hau mulki, a Janairun 2002 ya sa Arewa cikin ƙasashen da ya kira na sharri. Suna kuma nuna cewa shekarun matsin lamba da takunkumi da suka biyo baya ba su hana ko gwaji ɗaya ba. Ni dai abin da na gani shi ne babu wata manufa da ta raba Arewa da makamanta, amma guda ɗaya ce ta kai tsohuwa gaban ɗanta kafin ta mutu.

Ba wasu na cewa dimokuraɗiyya ba ta dace da al'adun Asiya ba?

Lee Kuan Yew na Singafo ya yi wannan magana a 1994, Kim ya mayar masa da martani a rubuce a shekarar. Ya kawo malamin Sin na da, Mengzi, wanda ya koyar tun fiye da shekara dubu biyu cewa jama'a suna da haƙƙin kawar da azzalumin sarki, da aƙidar Tonghak ta Koriya mai ɗaukaka darajar ɗan Adam. Ya ce masu mulkin da ba sa son sauka ne suke fakewa da al'ada.

Mutanen Koriya ta Kudu sun ba da tasu amsar a aikace. Ranar 3 ga Disamban 2024 Shugaba Yoon Suk Yeol ya ayyana dokar soja. Cikin dare jama'a suka taru a ƙofar majalisa, 'yan majalisa suka haura katanga, 190 suka kaɗa ƙuri'ar soke dokar, cikin kusan sa'a shida aka janye ta. A Afrilun 2025 kotun tsarin mulki ta tsige shi.

Shin hannunsa a tsabtace yake?

Na kusa da shi ba su fita ba. A 2002 aka kama 'ya'yansa biyu kan karɓar cin hanci, ya nemi gafarar jama'a ya fice daga jam'iyyarsa, bai hana kotu aikinta ba. Daga baya aka gano hukumar leƙen asiri ta ci gaba da satar sauraron wayoyin mutane a zamaninsa, aka hukunta shugabanninta biyu. Dokar tsaron ƙasa da aka sha ɗaure 'yan adawa da ita ma bai iya soke ta ba.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

A Mayun 2009 magajinsa Roh Moo-hyun ya rasu, aka ga Kim a keken guragu yana riƙe da hannun matar mamacin yana kuka. Bayan 'yan makonni shi ma ya kwanta a asibiti a Seoul. Kim Young-sam, wanda suka yi shekara ashirin ba sa ga maciji, ya zo dubiya ya ce wa 'yan jarida sun sasanta. Chun Doo-hwan ma ya zo, matar Kim, Lee Hee-ho, ta karɓe shi.

Ya rasu ranar 18 ga Agustan 2009. Koriya ta Arewa ta aiko da tawagar manyan jami'ai suka ajiye furanni a gaban hotonsa a Seoul. An yi masa jana'izar ƙasa ranar 23 ga wata, aka binne shi a maƙabartar ƙasa da ke Seoul, inda kabarin Park Chung-hee yake. Lee Hee-ho ta rasu a 2019, aka binne ta tare da shi.